Wa Ya Bar Rijiyar a Buɗe

Tun da na dawo daga Ingila ban huta da tambaya ba. Matan layinmu a Karu, tsofaffin abokan aikina na firamare, har mai kawo mini gas, kowa so yake ya ji ko da gaske sanyin can yana shiga ƙashi, ko Turawa sun san tuwo. Ina ba su amsa guntu-guntu, su tafi suna cewa Malama Rabi ta dawo da rowar labari. Ba rowa ba ce. Labarin ne ba ya faɗuwa a tsaye a bakin ƙofa, shi ya sa na zauna in rubuta shi sau ɗaya, wanda ya tambaya in miƙa masa.

Haihuwa ce ta kai ni. 'Yata ta fari ce ta sauka, wadda muke kira Ummi don sunan mahaifiyata ta ci. Mijinta Kabiru ma'aikacin jinya ne a wani gari a arewacin ƙasar. Bayan suna ya kira ni, murya ƙasa-ƙasa, ya ce, "Mama, tunda takardunki sun fito, don Allah kada ki jinkirta. Jikinta ƙalau, amma ba ta barci, kuma ba ta yarda ruwa ya taɓa yaron."

Na san abin da ke damunta, kuma gara in faɗe shi tun yanzu. Shekara ashirin da biyu da suka wuce muna haya a Mpape, lokacin maigidana, Allah ya jiƙansa, yana harkar tsakuwa. A tsakar gidan akwai ramin siminti da tanka ke cika wa ruwa. Rijiya muke ce masa, yana da marfin ƙarfe mai nauyi. Wata safiya na makara, ga masu duba makarantu za su zo mana. Na ja marfin, na ɗebi ruwa, na shiga ɗaki da niyyar in fito in rufe, sai na ɗauki jaka na wuce. Ummi tana da shekara tara, ba ta je makaranta ba don tana murmurewa daga zazzaɓi. Na ce ta kula da ƙanenta Bashir, ɗan shekara biyu da rabi. Kafin a tashi tara aka zo aka kira ni daga aji, Bashir ya faɗa rijiyar.

Kafin la'asar an kai shi. Babu wanda ya tambayi kowa komai, haka muke yi, kuma tausayi muke nufi da shi. Amma a zaman makoki yayar maigidana ta ce wa mata, a gaban Ummi, "Yarinya ce ta ɗebi ruwa ta manta ba ta rufe ba. Ƙuruciya ce." Ina zaune, na ji, na ja bakina na yi shiru. Maigidana ya ce Allah ya karɓi abinsa, kada a ƙara ta da maganar a gidansa. Ba a ƙara ba. Ga kuma kunyar ɗan fari: ni da ko sunanta ba na kira, balle in jawo ta jikina in ce zo mu yi magana. Haka ta girma a gabana, tana ɗauke da kayan da nawa ne.

Mutum ɗaya ce ta san gaskiya, Maman Dauda, maƙwabciyarmu Bagwariya, wadda ta gan ni na fita kuma ita ta tsamo shi. Ana gobe zan tashi sai ga ta tun daga Mpape, da ƙullin daddawa. Ta zauna ta sha ruwa, ta ce, "Malama, in ka je ka gaya masa. Ummi ya girma, ya haifi nasa. Ni na tsufa, wannan magana ya yi mini nauyi." Na ce mata to, irin to ɗin da ake ce wa mai talla.

Kayana kuwa kamar mai ƙaura. Kanwa, gero, yajin jego, busasshen ganyen darbejiya don wanka, da kilishin da wani abokin maigidana, dillalin shanu a Dei-Dei, ya aiko musamman. Mun yada zango a wata ƙasar Larabawa, filin jirgin da ya fi kasuwar Karu girma sau nawa ban sani ba. Na hango wata mata da atamfa da ɗaurin ture-ka-ga-tsiya, na ce wannan tamu ce, na bi bayanta tiryan-tiryan. Mun yi tafiyar kusan rabin awa kafin ta juyo ta ce, "Madam, why you dey follow me?" Ashe Jamus za ta. Wani mai shara ɗan Indiya ne ya duba takardata ya mayar da ni inda na fito, ina haki.

A bakin iyakarsu jami'in ya tambaye ni me ya kawo ni, na ce ziyara, kamar yadda Kabiru ya yi ta jaddada mini. Na wuce lafiya, sai wani kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna a gaban akwatina ya ƙi tashi. Aka buɗe. Kilishi aka fara ɗaukewa, ina ji ina gani aka jefa shi a kwandon shara, kilishin da bai yi wa kowa laifi ba. Da matar ta kwance ƙullin Maman Dauda sai ta ja da baya tana toshe hanci. Kanwa ce ta kusa jawo mini magana. Suka juya ta, suka kira wani, shi ma ya juya. Da na ga abin zai yi tsawo na gutsiri kaɗan na tauna a gabansu. Suka kalli juna, suka mayar mini da ita.

Kabiru ya tarye ni, muka hau jirgin ƙasa. Gidansu a hawa na biyu yake, ɗaki biyu da falo, kowace ƙofa a rufe. Gidan haihuwa ne amma babu takalma a bakin ƙofa, babu 'yan barka, babu mai leƙowa ta ce ina mai jego. Abincinsu dankali ne, yau a dafa, gobe a soya, jibi a kirɓa. Abin da ya fi ba ni wahala shi ne in ga surukina a kicin da tsumma a kafaɗa yana zuba mini miya. Kwana uku ina cin abinci da baya-baya kafin na saba.

Ummi ta rame, idanunta sun faɗa. Ta durƙusa ta gaishe ni da yaron a hannu, ba ta miƙo mini shi ba. A hankali na ga yadda take rayuwa. Da jiƙaƙƙen tsumma take goge yaron. Babu bokiti a gidan sai a kife. Ko kofin ruwa ta gani a kan tebur sai ta zubar. Marfin masai ma da salatif take liƙe shi, alhali yaron ko wuyansa bai tsaya ba.

Na ce bari in fara da wankan jego, ko jikinta zai saki. Na cika babbar tukunyarsu, na zuba darbejiya, na bar ta ta yi ta tafasa yadda muke yi. Tururi ya cika gidan, sai wani abu a silin ya ɗauki ƙara kamar za a tashi duniya. Ina tsaye da ludayi ban san inda zan nufa ba, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wata tsohuwar Baturiya ce, gajeriya, da sandar mofa a hannu. Ta wuce ni, ta zunguri abin ya yi shiru, ta buɗe taga, sannan ta leƙa tukunya ta tambaya ko miya ce. Sunanta Margaret, ƙofarta na kallon tamu. Ita ma tsohuwar malamar firamare ce, shi ke nan muka ƙulla.

Washegari na haɗa ruwa mai ɗumi a ɗan baho, na ce, "Kawo shi in yi masa wanka irin na mutane." Ummi ta zo ta kalli ruwan, ta ɗaga bahon ta juye shi. Ba da faɗa ba. Ta ce, "Mama, ni fa na taɓa kashe yaro da ruwa. Ko kin manta?"

Allah ya buɗe mini ƙofa a wannan lokaci, ni kuma na rufe ta da hannuna. Na ce, "Ki daina faɗin haka. Kwanansa ne ya ƙare." Ta ce, "Haka ne," ta koma ɗaki. Ban taɓa raina kaina kamar ranar ba.

Margaret ta lura ba na fita, ta ce in raka ta inda take aikin sa-kai ranar Talata. Muka hau bas. Ina shiga na gaida mutanen ciki gaba ɗaya, babu wanda ya amsa sai wani tsoho da ya matsar da jakarsa kusa da shi. Inda muka je gidan ajiyar tsofaffin takardu ne na yankin. Sai ka wanke hannu, ka ajiye jaka da biro a waje, fensir kawai ake shiga da shi. Aikinta shi ne ta karanta rubutun hannun mutanen da, ta kwafe shi a kwamfuta. Takardun da ke gabanta na shekara ɗari biyu da wani abu ne, zamanin da sarakunansu a jere duk George suke amsawa.

Ta ce a lokacin, in mutum ya mutu ba ta hanyar ciwo ba, ko jariri ne, ba a binne shi sai mai binciken mutuwa ya zo. Ya tara maza aƙalla goma sha biyu daga maƙwabta, yawanci a mashayar ƙauyen don nan ne ke da babban ɗaki. Su ga gawar da idonsu. A kira duk wanda yake wurin, ya rantse, ya faɗi inda yake da abin da ya gani, a rubuta. Sannan su yanke ko kisa ne, ko sakaci, ko tsautsayi, su faɗa a gaban kowa. Wani lokaci har abin da ya yi sanadin, doki ne ko keken doki, sai an ambace shi a takarda.

Na ce, "Wannan ai rashin imani ne. A bar gawar yaro tana jiran wani ya zo a kan doki, ƙarti su taru a gidan giya suna kallonta, uwa tana kuka ana yi mata tambaya? Mu kafin rana ta faɗi mun suturta namu."

Ta ce ba ta musa ba. Ta ce sau da yawa talakawan mata ne ke shan kunya a wurin, masu hali kuwa a lallaɓa su. "Amma zauna in karanta miki," in ji ta, "ni waɗannan yaran sun zama kamar 'yan ajina."

Rubutun kamar tafiyar tsutsa, ni ban iya fitar da ko kalma biyar ba. Ita ke bi da yatsa tana faɗa mini. Wani rigarsa ta kama wuta uwar ta fita ɗebo itace. Wata ta jawo tukunyar tafasasshen ruwa. Wani ya bi agwagi har cikin kududdufi. Wani ƙafar keken doki ta bi ta kansa a ƙofar gidansu. Na zo ina tsammanin jin abin Turawa, sai na ji duk irin namu ne, babu wanda ban taɓa zuwa gaisuwar irinsa ba tsakanin Mpape da Karu.

Sai ta jawo wata, falle uku. Yaro ne ya faɗa rijiya, an bar shi da yayarsa. An tambayi yarinyar, ta ce ta juya ne ta kori kaji. A ƙasan bayaninta babu sa hannu, sai ɗan gicciye karkatacce, don ba ta iya rubutu ba. An tambayi maƙwabci ko yarinya mai wannan shekaru za ta iya ɗaga murfin, ya ce ba za ta iya ba. Falle na uku na uwar ne. Ta ce ita ta ɗebi ruwa da safe, ta yi sauri za ta kai wa mijinta abinci gona, ba ta mayar da murfin ba. Mutum goma sha biyun suka ce tsautsayi ne, ba laifin kowa.

Na tambayi Margaret, "Yarinyar tana wurin lokacin da uwar ta faɗi haka?"

Ta ce takarda ba ta nuna ba, amma ƙaramin ƙauye ne, ɗaki ɗaya ne, da wuya a ce ba ta ji ba.

Na daɗe ina kallon gicciyen nan. Uwar kuwa, macen da wataƙila ita ma ba ta yi makaranta ba, a gaban maza, a ɗakin da ke warin giya, gawar ɗanta na kwance, ta buɗe baki ta ce ni ce. Wataƙila rantsuwa ce ta tilasta ta, ban sani ba. Ni da na shekara talatin ina koya wa 'ya'yan mutane su faɗi gaskiya, babu wanda ya tambaye ni, sai na ɗauki rashin tambayar na lulluɓa da shi. Na tashi na shiga bayi na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da Bashir. Da na fito Margaret ta ja ni waje ta saya mini shayi. Su komai ya faru shayi ne maganinsa.

A hanyar gida na yi niyyar ina shiga zan faɗa. Ban faɗa ba. Da na ba Kabiru labarin takardun ya ce ai mu ma muna da irin wannan doka, majistare ne ke zama a kai, amma wa zai kai gawar ɗansa a tsaya bincike? Na ce gaskiya ne, na ji daɗin samun abin fakewa. Sati biyar na ƙara ina dama kunun kanwa, ina wanke kayan jariri, kullum in ce gobe.

Saura kwana uku in taho, bayan azahar, Kabiru yana wurin aiki. Ummi na zaune a falo tana shayar da yaron. Ban tashi daga kan sallaya ba, don na san in na miƙe ba zan iya ba. Na ce, "Ina da magana, kada ki katse ni. Ranar da Bashir ya rasu, ni na buɗe rijiyar. Na ɗebi ruwa, na makara, na tafi ban rufe ba. Ke ba ki taɓa ta ba."

Ta ɗago ta dube ni. Ta ce, "A'a, Mama. Na tuna ina buɗewa."

"Ba ki tuna ba, an faɗa miki ne. Marfin nan ni kaina da hannu biyu nake jan sa. Ke kuwa ranar ko kofin koko da ƙyar kike riƙewa."

"Amma Gwaggo ta ce..."

"Na ji ta. Ina zaune kusa da ke."

"Kina zaune."

"Ina zaune."

Yaron ya saki nono ya yi barci, ba ta ma lura ba. Na so ta yi ihu, ta zage ni, ko ta yi kuka. Ta gyara rigarta, ta saɓa shi a kafaɗa, ta shiga ɗaki ta turo ƙofa a hankali. Kwana ukun nan gaisuwa kawai ke haɗa mu, tana durƙusawa kamar kullum, ba ta kallon fuskata. Ranar tafiya ta ce Allah ya kiyaye hanya daga bakin ƙofar ɗaki. Margaret ce ta rungume ni a matakala, ta cusa mini gwangwanin biskit. Kabiru ya kai ni har filin jirgi.

Na sauka Abuja zafi ya mare ni, na ji daɗinsa. Kwana biyu da dawowata na hau mota zuwa Mpape. Tsohon gidan namu an rushe shi an yi shaguna. Na sami Maman Dauda tana ɓarar gyaɗa. Ta ce, "Ka faɗa?" Na ce na faɗa. Ta ce, "To. Sauran na Allah ne," ta turo mini kujera.

Sati biyu Ummi ba ta kira ba, in na kira Kabiru ke ɗauka. Sai wata Juma'a da hantsi wayata ta yi ƙara. Bayan gaisuwa ta ce, "Mama, ƙarfe nawa kika fita ranar?" Na ce bakwai da rabi ta wuce. Ta ce to, ta kashe. Bayan kwana biyu ta sake kira: wace riga ce a jikinsa? Na ce shuɗiya mai hoton jirgi. Ta kashe. Haka muka koma yi. Ina take lokacin da aka tsamo shi? A ɗaki, barci ya ɗauke ta saboda maganin zazzaɓi. Babanta ya sani? Bai sani ba har ya koma ga Allah. Wa ya yi masa wanka? Tambaya ɗaya, amsa ɗaya, ta kashe. Ban taɓa cewa ta yafe mini ba, don na ga ba a zo wurin ba tukuna. Nakan ajiye wayar kusa da ni ko girki nake yi.

Shekaranjiya ta kira ina tsintar shinkafa. Ina jin yaron yana gwaranci kusa da ita. Sannan ta ce, "Mama, da ban haihu ba, da ba ki zo kin ga halin da nake ciki ba, za ki taɓa faɗa mini?"

Amsa mai daɗi ta zo mini har bakin harshe, kuma na san in na faɗe ta za ta karɓa, don yarinya ce mai ladabi. Na ajiye tiren shinkafar.

Na ce, "A'a. Da na mutu da ita."

Na ji ta ja numfashi. Na riƙe wayar ina jiran ƙarar yankewa, kamar kullum. Sai na ji tana kuka, ƙasa-ƙasa, irin kukan da take yi tana ƙarama in ba ta so a ji. Ban ce ta yi haƙuri ba, ban ce ta yi shiru ba. Na kira ta da sunanta na yanka, wanda bakina bai taɓa furtawa ba tun ranar da aka raɗa mata shi. Na ce, "Hauwa'u, ina jin ki."

Ba ta kashe ba.